In Za Ka Bar Aiki, Fita Ta Ƙofa

A cikin ƙa'idodin aikin Gwamnati akwai wani laifi da ake kira gudun aiki, watau ma'aikaci ya ƙaurace wa wurin aikinsa ba da izni ba, ba kuma da sanarwa ba. Hukuncinsa kora ne. Tun zamanin En'e haka abin yake, kuma ba a saba jin tausayin mai wannan laifi ba, domin abin da aka ɗauka shi ne ko dai ya taɓa kuɗin hukuma, ko kuwa ya hango wani aiki mai maiƙo ya sulale. Amma a 'yan shekarun nan, a yammacin Jihar Zamfara, wajen ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, wani irin mai gudun aiki ya bayyana wanda marubuta ƙa'idar ba su yi tsammaninsa ba. Malamin makaranta ne, ko malamin asibiti, ko ungozoma, ko malamin gona, wanda fargaba da damuwa suka ci ƙarfinsa har barci ya ƙaurace masa. Ya nemi hutun rashin lafiya na 'yan kwanaki, ya tafi gida Gusau ko Sakkwato ko Zuru, daga nan sai aka ji shiru. Bai rubuta takardar ajiye aiki ba, bai ba da notis ba, makullan ofis ma suna aljihunsa.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu ɗalibai da 'yan'uwanmu waɗanda ba su daɗe da kama aiki ba, domin kowa ya san sabon ma'aikaci shi ake turawa inda tsoho ya ƙi zuwa. Wanda yake zaune a ɗakin lacca bana, baɗi yana iya samun kansa a wata makaranta can bayan Bagega, ko a wani ɗakin shan magani a ƙasar Bukkuyum. Saboda haka gara mu tattauna al'amarin tun muna da natsuwar tattaunawa. Ra'ayinmu kuwa shi ne, wanda ciwon damuwa ya kayar yana da ikon barin aiki, kuma zalunci ne a tilasta masa komawa inda ya kamu da ciwon don kawai ya cika kwanakin notis. Amma wajibi ne a kansa ya fita ta ƙofa. Takarda guda ɗaya ita ce ke raba mara lafiyan da ya ajiye aiki da mai laifin da aka kora, kuma rashin rubuta ta yakan cuci mai tafiyar, ya cuci waɗanda ya bari a baya.

Inda ake aikin

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mu dubi ƙasar da ake wannan aiki a cikinta. A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, inda ake kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana daka su, ana niƙa su, ƙurarsu tana sauka inda yara suke wasa. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Ma'aikatan lafiya na yankin, tare da ƙungiyar likitocin nan ta duniya mai suna MSF, sun shafe shekara fiye da goma suna wannan jinya. Ba a gama da wannan ba sai 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan, har ta kai a watan Afrilu 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, hanin da ba a ɗage ba sai a ƙarshen 2024. Mutanen ƙauyuka suka yi ta kwarara cikin garin Anka, wasunsu suka fake a ginin sabuwar fadar Sarki da ba a kammala ba.

A watan Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, a ƙasar Talata Mafara mai maƙwabtaka da Anka. A watan Satumba na wannan shekara aka rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan wayar hannu na tsawon makonni, ta yadda wanda ke aiki a ƙauye ba ya iya gaya wa iyalinsa cewa ya kwana lafiya. A farkon Janairu 2022 'yan bindiga suka auka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin kuwa suka ce adadin ya kai wajen 200. A daminar 2024 kuma ambaliya ta ci gidaje masu yawa a garin Gummi. Hanyar da ta taso daga Mayanci ta ratsa Anka da Daki Takwas ta nufi Gummi, wadda kusan duk ma'aikacin yankin sai ya bi ta in zai je Gusau neman wata takarda, ta zama hanyar da ake shiga da addu'a, a sauka da hamdala.

To, a ƙaddara saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi kaɗai ne ma'aikaci a ɗakin shan magani. Shi ne mai duba mara lafiya, shi ne mai ba da magani, shi ne mai rubuta rahoto. Da dare a kawo masa wanda aka harba, ba jini, ba wutar lantarki, ba motar ɗaukar majinyata. Ya san kuma cewa duk mai karɓar albashi, a wurin masu garkuwa da mutane haja ne mai tsada. In ya yi shekara biyu ko uku a haka, mene ne abin mamaki in jikinsa ya gaza?

Ciwo ne

Mu Hausawa muna da kalmomi da yawa na muzanta mai irin wannan hali. Mukan ce raki gare shi, ko rago ne, ko ba shi da tawakkali. In abin ya yi tsanani mu ce iska ce ta taɓa shi. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da sanin alamomin: rashin barci, faɗuwar gaba, firgita da ƙarar ƙofa ko ta babur, yawan mantuwa, saurin fushi, ciwon kai da na ciki da ba a gano dalilinsu, hawan jini ga mai ƙananan shekaru, da kuma jin cewa duniyar duk ta fita daga ran mutum. Mai wannan ciwo yakan tafi asibiti a auna jininsa a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a ba shi magani, ya koma ya ci gaba da ramewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin 2019, ta sanya gajiyar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa a cikin kundinta a matsayin abin da ke da nasaba da wurin aiki. Ciwon firgici na bayan tashin hankali da ciwon baƙin ciki mai zurfi kuwa, tun da daɗewa aka lasafta su cikin cututtuka masu magani.

A nan gida ma doka ta motsa. A watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, dokar da asalinta ke komawa ga wata ta Turawan mulki ta 1916. Tsohuwar ba ta san kowa ba sai mahaukaci tuburan wanda za a tsare. Sabuwar ta amince cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa majinyaci ne mai haƙƙi, kuma ba a nuna masa bambanci saboda ciwonsa. Sai dai dokar tana kan takarda, likitocin kuwa ƙalilan ne, domin ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. Babban asibitin Gwamnatin Tarayya na wannan fanni mafi kusa da yankin da muke magana a kai shi ne na Kware, kusa da Sakkwato, sunan garin ma kaɗai ya isa ya hana saurayi zuwa, don kada a ce an gan shi a can ya rasa matar aure.

Wannan kunya ita ce tushen ɓacewar. Wanda ya karye a ƙafa yakan aika da takardar likita ba tare da wani nauyi ba. Wanda ya karye a zuci kuwa yana jin nauyin ya rubuta wa shugabansa gaskiyar abin da ke damunsa, yana kuma tsoron a ce masa ya dawo ya yi wata guda na notis a wurin da ko tunaninsa ya yi sai gabansa ya faɗi. Sai ya zaɓi shiru. Yau ya ce gobe zai rubuta, gobe ya ce jibi, har kwanakin hutunsa su ƙare, sunansa ya shiga jerin masu gudun aiki.

Abin da doka ta ce

Da yawa daga cikinmu za su kama aiki ba su taɓa karanta ko sashe ɗaya na dokar da ke mulkinsu ba, saboda haka bari mu kawo abin da ya shafi maganarmu. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade notis gwargwadon daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ne ya zama a rubuce. Wannan sashe kuma ya yarda kowane ɓangare ya yafe haƙƙinsa na notis, ko ya karɓi kuɗi a madadinsa. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci hutun ciwo da cikakken albashi har kwana 12 na aiki a shekara, muddin likita mai rajista ya shaida.

Amma a lura, wannan doka ta ƙananan ma'aikata ce, masu aikin hannu da akawuna. Ta ware masu aikin mulki da ƙwararru. Su nasu sharaɗin yana cikin takardar ɗaukarsu aiki da kuma ƙa'idodin aikin Gwamnati, inda galibi ake neman notis na wata guda ko albashin wata guda a madadinsa. Tsofaffin ƙa'idodin Gwamnatin Tarayya na 2008, waɗanda jihohi suka saba kwaikwayo, sun yarda wa ma'aikacin da ba a kwantar a asibiti ba hutun ciwo har kwana 42 a cikin wata goma sha biyu, in ya wuce haka sai a kafa kwamitin likitoci su duba shi su faɗi ko zai iya ci gaba da aiki. Su kuma waɗannan ƙa'idodi sun lasafta rashin zuwa aiki ba izni cikin manyan laifuka, suka ɗora wa ma'aikacin nauyin kawo hujjar da za ta hana a kore shi. Wanda aka kora yakan rasa haƙƙoƙinsa na barin aiki, kuma ba a sake ɗaukarsa sai da amincewar Hukumar Ɗaukar Ma'aikata.

Akwai abubuwa biyu kuma da ba kowa ya sani ba. Na farko, kotunan Nijeriya sun daɗe da yanke cewa ma'aikaci yana da ikon ajiye aiki, kuma takardarsa tana fara aiki ne daga lokacin da ta isa hannun hukumar da ta ɗauke shi, ba sai an ce an amince ba. Tsarin Mulki na 1999 ya haramta aikin tilas a sashe na 34, tun daga gyaran 2010 kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ce ke da hurumin irin waɗannan shari'o'i. Iyakar abin da hukuma za ta nema daga wanda bai cika notis ba shi ne kuɗin kwanakin, tare da bashin da take binsa, kamar wanda ta biya wa kuɗin karatu bisa alkawarin zai yi mata aiki na wasu shekaru. Na biyu, Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, a sashe na 8, ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa da sunanta cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, in ta taso daga wani mummunan abu da ya auku ba zato a bakin aiki, ko kuwa likita ya tabbatar cewa yanayin aikin ne ya jawo ta. Hukumar NSITF ke kula da asusun, masu ɗaukar ma'aikata kuma su ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya. Amma dokar ta nemi a sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙata cikin shekara guda. Wanda ya ɓace ba labari ya rufe wa kansa wannan ƙofa da hannunsa.

In aka haɗa waɗannan duka, abin da ya fito fili shi ne, notis lissafin kwanaki ne, kuma kwanaki suna tafiya ko mutum yana tsaye ko yana kwance. Wanda ke da takardar likita mai ba shi hutun wata guda, in ya aika da takardar ajiye aiki a ranar farko ta hutun, kwanakin notis da na jinya sai su tafi tare. In hutun bai kai ba, yana iya biyan kuɗin ragowar kwanakin, ko ya roƙi a yafe masa. Ba a nan Nijeriya kaɗai ba, a Ingila ma, inda muka gaji yawancin waɗannan ƙa'idodi, ma'aikaci yana iya ba da notis yana cikin hutun ciwo. Malaman fiƙihu su ma tun da can sun lasafta ciwon da ya hana ɗan ƙwadago aiki cikin uzurorin da ke warware yarjejeniyar ijara. Ashe ke nan ƙofa a buɗe take, rashin sani da kunya ne ke sa mutane haura katanga.

Wa ɓacewar ke cuta?

Ta fara cutar mai ita. Yau yana ganin ya tsira, amma bayan shekara biyu, in ya warke ya nemi aiki a wata ma'aikata, ko a Kebbi ko a Sakkwato, za a nemi takardar shaidar inda ya baro, sai a tarar an rubuta kora. In kuwa albashi ya ci gaba da shiga asusunsa yana ci bayan ya daina zuwa, to ya shiga wani sabon laifi wanda ciwo ba zai wanke shi daga gare shi ba. Tantance ma'aikata da Gwamnatin Zamfara ta yi tsakanin 2024 da 2025 ta fitar da sunaye fiye da 2,000 na ma'aikatan bogi. Wanda ya bar sunansa a takardar albashi alhali ba ya aiki, shi ya jefa kansa cikin wannan kwando, kuma ranar bincike ba wanda zai tsaya ya tambaye shi ko yana barci da dare.

Sa'an nan ta cuci mutanen ƙauyen, su ne kuwa suka fi ba mu tausayi. Muddin sunan ma'aikaci yana cikin littafi a matsayin mai riƙe da wuri, ofishin ƙaramar hukuma zai ɗauka wurin a cike yake, ba za a turo wani ba. Ɗakin magani na kulle, allurar rigakafi na lalacewa a cikin sanyin da ya ɗauke, mai naƙuda an ɗauko ta a kan babur an iske ƙofa da kwaɗo. 'Yan aji shida suna jiran malamin lissafi har jarrabawa ta zo. Shi ma'aikacin yana da gidan da zai koma a birni. Su kuwa ba su da inda za su. Mafi ƙarancin abin da suke binsa shi ne ya faɗi gaskiya cewa ba zai dawo ba, don a san an yi rashi a nemi madadi. Abokan aikinsa kuma, waɗanda suke rufa masa asiri suna sa masa hannu a littafin zuwa aiki, nauyinsa ya koma kansu, sai ciwon da ya kore shi ya fara neman na biyu.

Abin da shugabanni za su ce

Mun san amsar da wani babban sakatare ko shugaban sashen lafiya zai bayar. Zai ce in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai fita, kowa zai samo takardar likita ya ce damuwa gare shi, ƙauyuka su zama ba malami ba likita. Zai ce ciwon da ba a gani a jini ko a hoto, ta yaya za a bambanta shi da ƙarya? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Lalle akwai masu ƙarya, akwai kuma likitocin da ke sayar da sa hannunsu.

Amma ƙa'idar aiki ta riga ta tanadi maganin wannan, watau kwamitin likitoci. A kafa shi, a sa mai ilmin ƙwaƙwalwa a ciki, ya riƙa zama a kan lokaci. Har wa yau, tsananin da ake yi yanzu bai cika ƙauyukan da ma'aikata ba. Abin da ya haifar kawai shi ne mutane su tafi a ɓoye maimakon su tafi a bayyane. Shugaban da ya san mutum biyar sun ajiye aiki ya fi ƙarfin shirya aikinsa bisa wanda yake da sunaye ashirin a littafi bai san nawa ne ke nan ba. Bugu da ƙari, ungozomar da ta kwana uku ba barci, hannunta na rawa, haɗari ce ga mai haihuwa. Tilasta mata ta cika wata guda ba taimakon kowa ba ne.

Kada kuma Gwamnati ta manta da nata tarihin. A 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, an sallami ma'aikata fiye da 10,000 nan take, da yawansu a rediyo suka ji labarin korarsu. Tun daga lokacin ma'aikacin Nijeriya ya koyi cewa notis igiya ce da ke ɗaure ƙarami ta bar babba. Notis alkawari ne tsakanin ɓangarori biyu. Wanda ya ɗauki mutum aiki ya ɗauki nauyin biyansa a kan lokaci da kuma tsare lafiyarsa gwargwadon iko. In ya tura shi inda ba tsaro, ba gidan kwana, ba abokin aiki, ba ranar canji, to shi ya fara taɓa alkawarin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da muke nema

Gwamnatin Gwamna Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2023, ta kuma ayyana a kan lafiya a 2024. Gyaran gine-gine abu ne mai kyau, amma gini ba ya koyar da yaro, ba ya kuma karɓar haihuwa. Muna kira ga Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum da su fitar da sanarwa a rubuce cewa ciwon damuwa da likita ya shaida daidai yake da kowane ciwo wajen ba da hutu, kuma ma'aikaci yana iya ba da notis yana cikin wannan hutu. A ƙayyade wa'adin zama a wuraren haɗari, a riƙa juyawa, yadda ɗan talaka ba zai dawwama a daji ba alhali ɗan wane yana hedkwata. A ba da alawus na musamman ga masu aiki a can, a kuma tabbata ana zuba kason diyyar ma'aikata a asusun da doka ta tanada. Kafin a rubuta wa wanda ya ɓace takardar kora, a aika a nemi labarinsa a wurin danginsa, domin wataƙila yana kwance ne. A kuma buɗe hanyar canjin wurin aiki saboda lafiya, gama da yawa daga cikin masu tafiya ba aikin suka ƙi ba, da za a mai da su Gusau na shekara guda da sun warke sun ci gaba.

Ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan jinya su ma da nasu aikin. Bai kamata a riƙa jin muryarsu sai ranar yajin aiki a kan albashi kaɗai ba. Su ware mutum a kowace ƙaramar hukuma wanda zai taimaki ɗan'uwa mara lafiya ya rubuta takardunsa, ya kai masa su ofis, ya karɓo shaida. Mu kuma a nan jami'a, ƙungiyarmu ta ɗalibai tana iya gayyato masana dokar ƙwadago su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani kafin su fita, domin abin kunya ne mutum ya yi digiri bai san kwana nawa ne notis ɗinsa ba.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da wannan hali ya riga ya same su kuwa, ga shawararmu. Je ka ga likita, ka gaya masa gaskiyar abin da kake ji, kada ka ce zazzaɓi ne. Karɓi takarda, ka aika da ita wurin aiki tun kafin kwanaki su ja. Nemi canjin wuri tukuna, domin aiki a wannan zamani ba abin yarwa ba ne, kuma shawarar da aka yanke cikin firgici ba kasafai take yin kyau ba. In canjin ya gagara, kuma ka tabbata ba za ka iya komawa ba, rubuta takardar ajiye aiki, gajera, da kwanan wata, ka ambaci cewa kana hutun ciwo, ka nemi a lasafta notis a cikinsa ko a yafe maka. Ba lalle ne ka kai da kanka ba, ka ba wani amintacce, ya sa a buga hatimi a kan kofe ya dawo maka da shi. Haɗa da makullai da littattafai da lissafin magunguna ko kayan makaranta da ke hannunka. In albashi ya shigo bayan ranar da aikinka ya ƙare, kada ka taɓa shi, ka sanar. In hannunka ya kasa riƙe alƙalami, ka sa wa ko ƙane ya rubuta ka sa hannu.

Mu kuma da muke da lafiya, in mun ji abokinmu ya dawo daga Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya shige ɗaki ba ya fita, kada mu tsaya yi masa ba'a. Mu je mu gaishe shi, mu raka shi asibiti, mu zauna tare da shi har ya rubuta takardar nan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana, to haka ciwon ƙaramin ma'aikaci na ƙaramin ma'aikaci ne, domin ba wanda ya san inda takardarsa za ta kai shi baɗi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasar Zamfara da sauran ƙasarmu lafiya, amin.